Shekarar da Na Aurar da Uwar Alhaji

Kun tashi kuna jin magana ɗaya a gidan nan, daga bakin dangi har na maƙwabta, cewa da ubanku bai yi wauta ba, da yanzu muna da manyan motocin albasa masu sauka Kwatano, da gidan bene a bakin kasuwa. Ban taɓa ƙaryata maganar ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a jikinta. Sai dai wanda ya fi kowa ba da labarin, wato baffanku Sani, Allah ya ji ƙansa, kullum daga ƙarshe yake farawa: wai ni na ɗauki uwar mutane na aurar da ita ga masunci. To, yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni, bari in faɗa muku daga farko, in ya so ku yi mini hukunci da kanku.

A lokacin ina aiki a gidan sosiyal na nan Malanville. Ku da kuka san wurin bayan an yi masa fenti ba za ku gane abin da nake nufi ba. 'Yan ɗakuna ne da tsakar gida mai bishiyar darbejiya, kuma nan ake kawo duk wanda gari ya rasa yadda zai yi da shi. Jandarma su tsinci mai taɓin hankali a kan gada, su kawo mana. Mutanen duwan, wato kwastan, su ga mata mai ciki da direba ya yasar a tasha, su kawo mana. Miji ya gudu ya bar iyali, ruwa ya ci shinkafar mutanen Garou, mara lafiya ya rasa mai jinya, duk wurinmu ake nufowa. Mu uku ne a kan aikin. Shugabarmu Madam Selestin, mutuniyar kudu, Kirista, gajeruwa mai muryar da ake ji har titi. Sai Malam Gado, ɗan Dendawan garin nan, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe. Sai ni.

Irin wannan aiki yana cin mutum ta ciki, don haka kowannenmu yana da abin da yake jingina da shi. Madam Selestin, da rana ta take, sai ta rufe ƙofar biro, wato ofishinta, ta durƙusa, ta jera wa Ubangiji sunayen mutanen da aka kawo ranar, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar tana miƙa wa wani ma'aikaci aiki. In ta gama sai ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta ce ta miƙa, yanzu nauyin ya koma wurinsa, ta buɗe kwanon abincinta ta cinye tas. Malam Gado shi kuma, duk mutumin da ya gama saurara, sai ya ɗauki buta ya je ƙarƙashin darbejiya ya sake alwala, ko da tasa ba ta karye ba. Ya taɓa ce mini shi tafiyar aka ɗora masa, isowa ba tasa ba ce, kuma bai ga dalilin da zai sa ya ɗauki kayan da ba a ɗora masa ba.

Ni kuwa littattafan soyayya ne madogarata, waɗanda fatake ke kawowa daga Kano su bi ta Kamba. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana, a cikin littattafan nan na koyi karanta harshen uwata. Ina sallah, ina azumi, amma in za a faɗi gaskiya, a cikinsu na fara gane ma'anar kyautata wa Allah zato. Na lura duk wahalar da yarinya za ta sha, a raba ta da masoyinta, a yi mata ƙazafi, a kore ta cikin ruwan sama, in dai ka duba ka ga akwai sauran shafuka a hannun damarka, to labari bai ƙare ba. Haka nake kallon duk wanda aka kawo mana. Nakan ce a raina, wannan a tsakiyar littafinsa muka haɗu da shi.

"Lawali, kai da takardun ƙaryarka," in ji Madam. "Ka zo mu yi addu'a."

"Madam, bar shi," in ji Malam Gado. "Kowa da igiyar da yake ɗaure akuyarsa. Tashi ta takarda ce, shi ke nan."

A farkon shekarar da nake ba ku labarinta aka kawo mana wata mata da ta haihu a bayan tashar manyan motoci, hankalinta ba daidai ba. Mun yi mata duk abin da ake yi. Madam ta kai ta asibiti da kanta, Malam Gado ya bi sawu har ya gano danginta a wani ƙauye bayan Toumboutou, ni na raɗa wa jaririyar suna a zuciyata, sunan wata jaruma da nake so. Ana gobe danginta za su zo ɗaukarta zazzaɓi ya tafi da jaririyar, uwar kuma ba ta yi sati ba ta bi ta. Madam ta rufe ƙofa ta yi kuka ta ci abinci. Malam Gado ya yi alwala. Ni na buɗe littafi na kasa karanta layi ɗaya. Na duba hannun damata, babu sauran shafi. Na tattara littattafan na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado.

Uwarku Hadiza, wadda ta yi shekaru tana mita wai na fi sanin sunayen 'yan matan takarda fiye da na ƙannenta, ita ce ta fara tsorata.

"Malam, lahiya kake? Kwana nawa ban ga ka ɗauki ƙaryarka ba."

"Na bari."

"A'a. Ka koma. Na hi son ka da shirmenka da wanga shiru."

Ana cikin haka baffanku Sani ya zo da magana. Ubangidansa a fatauci, Alhaji Hamadu na Gaya, garin da ke ƙetaren kogi, wanda duk albasar da ke ƙetare gada sai ta gaishe shi, yana neman mutum mai Faransanci da zai riƙa bin motoci zuwa Kwatano yana magana da mutanen duwan. Yaya Sani ya ce ya riga ya ba da sunana.

"Ka isa haka nan da wankin mahaukata," in ji shi. "Ɗiyanka suna girma. Albasa na hitowa ka ajiye musu makullinsu."

Na ce to. Ban yi gardama ba ko kaɗan, kuma na yi niyyar cikawa.

Saura kaɗan a fara cirar albasa, sai jandarma suka kawo mana wata tsohuwa. Sun same ta zaune a bakin gada ta wajenmu, ba kaya, ba takalmi, da tsohon zane ɗaya. An yi mata Hausa, an yi Dendi, an yi Zabarmanci, an yi Fulatanci, ko uffan. Idonta garau, jikinta da tsabta, amma baki a rufe. Muka ba ta ɗakin baya, muka kai sanarwa gidan rediyo kamar yadda aka saba, cewa an tsinci tsohuwa. Ba wanda ya zo. Madam ta ce in har aka jima ba a sami danginta ba, dole a kai ta gidan tsofaffi can kudu, inda ba mai jin harshen kogi. Na roƙi a bar mini ita. Ina so in rufe aikina da abu ɗaya da ya ƙare da kyau.

Tsohuwar nan ba ta zauna ba. Washegari kafin mu iso ta share tsakar gida har ƙarƙashin tukwane. Ta gyara murhu, ta wanke tabarmi, ta ƙwace wa wata mai jego jariri ta yi masa wanka yadda ake yi. In mata da miji suka zo suna zage-zage, sai ta zo ta zauna tsakaninsu tana tsinar shinkafa, ta dubi wannan ta dubi wancan, har kunya ta kama su. Madam ta ce mala'ika ce aka aiko mana a ɓoye, har ta daina sa sunanta a cikin masu matsala. Malam Gado ya ce mai yiwuwa baiwar Allah ce daga cikin waɗanda ba a sani ba, ya fara gaishe ta a durƙushe.

Ni abin da na lura da shi daban ne. Kullum da la'asar takan tsaya a bakin ƙofa ta fuskanci kogi. In mai tallan busasshen kifi ta wuce, sai ta tsayar da ita, ta ɗauki kifi ɗaya, ta juya shi, ta sansana, ta girgiza kai, idonta ya ciko. Ran da na ga hawayen nan, wani abu da ya mutu a ƙirjina ya motsa. Na koma gida na jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Duk abin ya fito mini a fili kamar an rubuta: budurwa ce a dā, ta so wani saurayi masunci a wannan gaɓar, ƙaddara ta raba su, ta haɗiye sunansa shekara da shekaru, yanzu da ta ji tafiya ta matso sai ta ƙetaro gada ta nemi ganinsa sau ɗaya. Ƙamshin kifi ƙamshin rigarsa ne. Baƙin ciki ne ya ɗaure mata harshe.

Ban shawarci kowa ba. Na hau kabu-kabu na koma gidan rediyo na canza sanarwa. Na rubuta ta da duk abin da na koya a littattafai. Na ce wata dattijuwa mai kwarjini, mai haƙora farare kamar ƙanƙara, wadda tsufa bai iya kashe hasken idonta ba, ta ƙetaro kogi tana neman masoyin ƙuruciyarta, masunci, kuma duk wanda zuciyarsa ta buga da jin wannan, ya zo gidan sosiyal ranar kasuwa. Mai karantawa ya ji daɗinta, ya maimaita ta da Dendi da Zabarmanci, har ya ƙara gishiri nasa.

Ban san zukata nawa ke bugawa a bakin kogin nan ba sai ranar kasuwa. Da na iso na tarar da tsofaffi sun cika benci, wasu a ƙasa, an jingina kekuna a jikin darbejiya. Kowa ya ci ado. Wani ya rina gemu da lalle, wani ya aro babbar riga da ta fi shi tsawo, wani ya zo da goro a ganye, wani jikansa ne ya jawo shi da sanda don ba ya gani. Ƙamshin turare har ofishin da ke maƙwabtaka da mu. Madam Selestin tana tsaye a ƙofar biro, hannu a ƙugu.

"Lawali. Waɗannan duka matsala ce aka kawo mana?"

"Madam, masoya ne."

"Na wa?"

Na nuna ɗakin baya. Ta dube ni, ta dubi sama, ta shiga ta rufe ƙofa tun rana ba ta take ba. Muna jin ta tana faɗa wa Ubangiji sunana.

Tunda an riga an taru, sai muka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma, suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Kowa ya tuna ta sarai. Mai jan gemu ya ce a bikin kamun kifi suka haɗu, ta jefe shi da ɗan dutse. Mai aron riga ya ce ƙarya ne, shi ne ya tsallakar da ita a jirgi ta manta ɗankwalinta, har yau yana ajiye da shi, sai dai gara ta ci. Makahon ya ce shi ko muryarta ya ji zai gane ta, aka ce masa ai ba ta magana, ya ce to ita ce, dama can ba ta da surutu. Har aka fara ɗaga sanduna. Malam Gado yana raba faɗa yana zuwa alwala, har butar ta ƙare. Ita kuwa tsohuwa ba ta kallon fuskar kowa. Hannayensu take kallo.

Can a ƙarshe wani siririn tsoho ya matso, da rigar aiki mai warin kogi, ya ajiye ƙunshi a gabanta. Sunansa Baba Sambo, daga wani ƙauye na Garou.

"Ni dai ban san ta ba," in ji shi. "Ban taɓa ganinta ba. Matata ta rasu bara. Na ji an ce akwai tsohuwa mai son masunci, na ce bari in zo in gani, ko da ragowa."

Tsohuwa ta kwance ƙunshin. Busasshen kifi ne. Ta ɗauki ɗaya ta karya, bayan ya ƙone baƙi ƙirin, cikin kuma ɗanye har yana nashe-nashe. Ta sansana. Sai muka ji murya, kakkaura, da Hausa tsantsa irin ta Gaya.

"Wane la'ananne ya yi wanga ɓarna?"

Baba Sambo ya ce shi ne, tunda matarsa ta rasu shi ke yin banda da kansa.

"Da wane icce?"

"Wanda na samu."

"Wanda ka samu. Kihi kamar wanga, Allah ya ba ka shi, ka sa mishi wuta kamar kana ƙona shara. Tanderun naka ƙasa ne ko ganga?"

"Ƙasa ne. Ya tsage ta gehe guda."

"Ai na ji a warin."

Madam ta fito da gudu tana cewa mu'ujiza. Ni kuwa na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, shi ne? Shi ne wanda kike kuka dominsa?"

Ta dube ni kamar yadda ta dubi kifin.

"Kai ne mai rubuta shirmen rediyo? Ni kihi nike ma kuka, ɗan nan. Duk garin ga babu mai iya banda."

Bayan an sallami masoya, ta ba mu labarinta a ƙarƙashin darbejiya. Sunanta Hajiya Ramatu. Tun tana yarinya take bandar kifi a bakin kogi ta wajen Gaya, da shi ta ciyar da ɗanta bayan mijinta ya rasu, da shi ta ba shi jarin farko. Da ɗan ya yi arziki sai ya rantse uwarsa ta gama wahala. Ya rushe tanderunta, ya kai ta Makka, ya gina mata ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyi, da talabijin da kujera mai laushi. In ta ɗauki tsintsiya a ƙwace. In ta nufi madafa a ce Hajiya ki huta. In ta fita ƙofa a bi ta da mota.

"Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni ci," in ji ta. "Amma na zauna har na fara jin ƙamshin kabarina. Hannun da ba ya aiki, mi za shi ɗaga ya roƙi Allah da shi? Sai na tuɓe musu leshinsu, na ɗauki zanen mai aiki, na taho. Na san in na buɗa baki za ku maida ni."

Malam Gado ya tambaye ta sunan ɗan. Da ta faɗa, sai na dafe kai. Alhaji Hamadu ne, ubangidan Yaya Sani, wanda zan fara yi wa aiki da fitowar albasa.

Ashe yana ta nemanta a ɓoye, a asibitoci da wurin malamai, don kada duniya ta ji uwar Alhaji ta ɓata. Sanarwar farko ba ta kai kunnensa ba. Ta biyu kuwa ba wanda bai ji ba, har direbobinsa suna kwaikwayonta a tasha, kuma wani da ya zo kallon masoya ya gane fuskarta. Kwana biyu bayan haka mota ta tsaya a ƙofarmu. Alhaji ya fito, Yaya Sani yana bayansa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Kada ku ɗauka Alhaji mugun mutum ne. Da ya ga uwarsa da tsintsiya a hannu, ba takalmi, sai ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa ya fashe da kuka.

"Inna, mi na yi miki? Mi na rage ki da shi?"

"Ba ka rage ni da komi ba, Hamadu. Shi ne abin."

"Ki tashi mu tahi gida. Mutane na yi mini dariya."

"Kai ka tahi. Ni ina da aiki."

Ya miƙe ya share ido ya juyo wurinmu. A ƙa'idar aikinmu, in dangi suka zo, ma'aikacin da ke riƙe da maganar shi ne zai miƙa mutum, a rufe zance. Ni ke riƙe da ita. Yaya Sani ya ja ni gefe, ya matse mini hannu.

"Lawali, ka rufa mini asiri. Ka ce mishi tsufa ne ya taɓa ta, ka miƙa mishi ita, a sa ta mota. Uwarshi ce, ba uwarka ba."

Na dubi Madam. Ta ce maganar a hannuna take, ita ta riga ta miƙa ni ga Ubangiji tun shekaranjiya. Na dubi Malam Gado, ya ɗauki buta. Sannan na dubi tsohuwa. Ba ta roƙe ni ba, ko kallona ba ta yi ba, shara kawai take yi, amma na ga yadda ta riƙe tsintsiyar, kamar wanda ya riƙe gefen jirgi a tsakiyar ruwa. Na tuna matar da ta haihu a bayan tasha, wadda muka yi wa komai ba mu iya tsayar da ita ba. Wannan kuwa tana tsaye da ranta, ta faɗi abin da take so da bakinta, abin da ake nema a wurina kawai shi ne in ce ba ta da hankali.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya lafiyarta ƙalau. Mu ɓatattu muke mayarwa gida. Ita ba ta ɓata ba, tafiya ta yi. In ta ce za ta bi ka, ni zan buɗe mata ƙofar mota. In ba ta ce ba, ba ni da abin miƙawa."

Alhaji ya ce to a ina za ta zauna, a gidan mahaukata? Uwarsa ba za ta kwana a gidan da ba na kowa ba. A nan ne tsohuwa ta jingina tsintsiya.

"Gidan mijina za ni zauna."

"Wane miji, Inna?"

"Mai tsagaggen tanderu. A aika Garou a kira shi."

Alhaji ya ce ba zai yiwu ba. Malam Gado ya ajiye buta ya yi masa bayani a hankali, cewa macen da ta taɓa aure ba a yi mata dole, ba a kuma hana ta ba tare da hujja ba, in ɗa ya ƙi tsayawa, liman zai tsaya. Alhaji ya auna abin da ya fi muni, a ce uwarsa ta auri masunci, ko a ce an ɗaura mata aure kamar marar kowa alhali yana raye. Ya zaɓi na farko. Shi ya zama waliyyin uwarsa, a masallacin unguwarmu, yana zufa, Baba Sambo yana gefe cikin rigar da ya aro wurin ɗaya daga cikin masoyan da suka faɗi. Da liman ya tambaya ko ya bayar, sai da aka maimaita tambayar.

Daga masallaci Alhaji ya wuce gida, kuma daga ranar bai sake ba Yaya Sani ko buhu ɗaya ba. Maganar aikina kuwa ba a sake tayar da ita ba. Wannan ita ce asarar, kuma ba ƙarama ba ce. Baffanku ya koma saye da sayarwa a ƙasa kamar ƙaramin ɗan kasuwa, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, a sallah ma sai dai ya miƙo mini yatsu. Kun yi shekarun da kuka sa takalmin da ya matse ku, na sani, ina gani. Madam ta rubuta mini gargaɗi a kan sanarwar rediyo, ta kuma hana ni kusantar gidan rediyo har ta yi ritaya. Uwarku ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba magana. Ran da ta huce, abin da ta ce kawai shi ne:

"Da ka miƙa ta, da mun yi kuɗi. Da kuma ban san inda zan sa idona in dube ka ba. Ci abincinka."

Na zauna a gidan sosiyal har ƙarfina ya ƙare. An ci gaba da kawo mana waɗanda ba mu iya ceto ba, da yawa, kuma ban sake tunanin ajiye makulli ba. Ban zama Madam ba, ban zama Malam Gado ba, ko da yake a shekarun baya na kama kaina ina yawan zuwa wurin buta.

Bayan damina ta wuce aiki ya kai ni Garou, na ce bari in biya in gaishe da amarya. Tun daga bakin ƙauye hayaƙi ya tare ni, mai ƙamshi, ba irin na dā ba. Na same ta a tsakanin tanderu sababbi, ta yi baƙi, ta rame, idonta ya yi ja, matan ƙauye sun kewaye ta tana koya musu tana zaginsu. A gefe na ga wata mota da na sani. Direban Alhaji ne, an aiko shi a ɓoye ya sayo kifi, wai Alhaji ya ce na kasuwa ba ya ciyuwa. Ta sa ya bi layi kamar kowa.

Baba Sambo yana zaune a inuwa yana gyaran taru, ya yi ƙiba har wuyansa ya fito. Ta zubo mini kifi a faranti, ta zuba masa nasa. Na lura ta zauna ta cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya kafin ta tura masa, tana faɗa wai in ya shaƙe wa zai kamo mata kifi. Shi kuma ya ɗauki mafici yana kore mata hayaƙi daga fuska, yana kallon wani wuri kamar ba shi ke yi ba.

Na buɗe baki zan yi magana. Ta nuna ni da wuƙar kifi.

"In ka kai wanga rediyo, sai na yi bandarka."

Ban kai ba. Ku ne na farko da na faɗa wa.